TARIHIN FARFESA INGRID DAUBECHIES: 'YAR GARIN KWAL DA TA KOYA WA KWAMFUTA MATSE HOTO

Gabatarwa

  

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo tarihin wata malamar jami'a, masaniyar lissafi, mutuniyar ƙasar Beljiyam, mai suna Farfesa Ingrid Daubechies. Da yake sunan mahaifinta na Faransanci ne, ana furta shi Dobeshi, amma don sauƙi zan riƙa kiranta Ingrid kawai. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne, da yawa daga cikinmu mun yi sallama da lissafi tun daga ƙofar zauren jarrabawar ƙarshe, kuma babu ajin da ba a taɓa tambayar malamin lissafi ba cewa, wai shin mene ne amfanin wannan abu a rayuwa? Tarihin wannan mata amsa ce ga wannan tambaya. Domin kuwa aikinta ya shiga cikin yadda ake adana zanen yatsun mutane, da yadda ake nuna fim a manyan gidajen siliman duniya, har da yadda ake gyaran zane-zanen da suka shekara ɗaruruwa. Sai dai kafin a gane girman abin da ta yi, dole mu koma baya mu ga matsalar da ta tarar, da mutanen da suka yi fama da ita kafin ta zo.

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Ingrid ranar 17 ga watan Agusta na shekarar 1954, a wani ƙaramin gari da ake kira Houthalen, cikin lardin Limburg na ƙasar Beljiyam. Yanki ne na haƙar kwal, kuma mahaifinta injiniya ne a wannan sana'a. Mahaifiyarta kuwa ta yi karatu a fannin nazarin aikata laifuka. Ita da kanta ta sha ba da labarin abubuwa biyu daga ƙuruciyarta. Na farko, idan barci ya ƙi zuwa da dare, sai ta riƙa ninka lamba da biyu a zuci, wato 2, 4, 8, 16, 32, har lambobin su yi mata yawa. Na biyu, tana son ɗinka wa 'yar tsanarta tufafi, kuma abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda ake haɗa ƙyallaye shimfiɗaɗɗu su zama riga mai bin lanƙwasar jiki. Mai karatu ya riƙe wannan ninki da biyu a ransa, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Tana da shekara 17 ta shiga jami'ar da ake koyarwa da harshen mutanen Holan a birnin Burasal. Abin lura a nan shi ne, ba lissafi ta karanta ba, kimiyyar fizik ta karanta. Ta sami digirinta na farko a 1975, sannan ta sami digirin digirgir a 1980, a kan lissafin da ya shafi halayyar ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A lokacin wannan bincike ne ta fara aiki tare da wani masanin fizik da ke birnin Marseille na Faransa, mai suna Alex Grossmann. Wannan sanayya ce daga baya ta sauya mata alƙibla baki ɗaya.

Matsalar da Ta Tarar

Kwamfuta ba ta san hoto ba, lamba kawai ta sani. Idan aka ba ta hoto, sai ta yayyanka shi zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ta ba shi lamba gwargwadon haskensa. A hoton baƙi da fari, 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 shi ne fari fat. A hoto mai launi kuwa kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi. Saboda haka wayar da ke ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12, lamba miliyan 36 take tarawa a ƙyaftawar ido. Idan da haka za a riƙa adanawa ko aikawa, da kuɗin data ya talauta kowa. Ke nan tilas a sami dabarar rage lambobin ba tare da hoton ya lalace ba. Wannan shi ake kira matse hoto.

Asalin dabarar ya faro ne tun ba a yi mafarkin kwamfuta ba. A shekarar 1807 wani Bafaranshe mai suna Joseph Fourier, wanda ake furtawa Furiye, ya gabatar wa majalisar masanan birnin Faris wani bincike a kan yadda zafi yake ratsa ƙarfe da sauran abubuwa. Zai faranta wa 'yan uwana ma'aikatan gwamnati rai su ji cewa a lokacin shi ma ma'aikaci ne, domin Napoleon ya naɗa shi shugabancin wani lardi mai hedikwata a Grenoble, kuma a ɗan lokacin da aikin ofis ya bar masa yake lissafinsa. Abin da ya ce shi ne, kowane layi, kome karkacewarsa, ana iya gina shi ta hanyar tara igiyoyi masu hawa da sauka kamar igiyar ruwa, wato sayin da kosayin ɗin nan da suka ba mu wahala a aji. Manyan masanan lokacin sun yi masa gardama, har littafinsa bai fito ba sai 1822. Amma daga baya wannan dabara ta zama ginshiƙin aikin rediyo da tarho da talabijin.

Hatta hotunan da muke aika wa juna a waya a yau, jikokin wannan dabara ce ke matse su. Wani injiniya haifaffen birnin Bangalore na Indiya, mai suna Nasir Ahmed, shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa wata hanya ta amfani da kosayin a 1974, kuma a kanta aka gina tsarin JPEG da ya fito a 1992. Tsarin yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, kowanne ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya matse kowane murabba'i shi kaɗai. Shi ya sa idan an matse hoto da yawa za ka ga fuskar mutum ta koma kamar an jera tayil.

To, amma dabarar Furiye tana da wani rauni babba. Igiyoyinsa ba su da farko ba su da ƙarshe, saboda haka suna faɗa maka abin da ke ciki, ba sa faɗa maka inda yake. Misalinta kamar ka aiki yaro kallon hawan salla ne, ya dawo ya ce maka an kaɗa tambari da yawa, an busa algaita matsakaici, kakaki kuwa kaɗan aka busa. Duk gaskiya ya faɗa, amma bai gaya maka cewa an busa kakakin ne daidai lokacin da sarki ya fito ba, alhali kuwa nan ne labarin yake. Haka yake a hoto. Labarin hoto yana bakin abubuwa, inda farar riga ta ƙare baƙin bango ya fara, inda ido ya rabu da gira. A irin waɗannan wurare na sauyin farat ɗaya ne igiyoyin Furiye suke shan wahala.

Daga Rijiyar Mai Zuwa Injin Fotokwafi

Ɗaya daga cikin waɗanda suka nemi mafita da gaske ba malamin jami'a ba ne. Sunansa Jean Morlet, injiniya a kamfanin mai na Elf na ƙasar Faransa, kamfanin da manyanmu za su tuna da gidajen mansa a nan Nijeriya. Aikinsa shi ne aika girgiza cikin ƙasa, sannan ya saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun da ke can ƙasa, don a gane inda mai yake kwance. A wannan aiki sanin lokacin da kowace amsa-kuwwa ta dawo shi ne kome, domin shi ke nuna zurfi. Da dabarar Furiye ta gaza masa, sai ya ƙirƙiro wata gajeriyar igiya mai tashi ta faɗi nan take. Yana iya miƙar da ita don ta kamo manyan abubuwa, ko ya takure ta don ta kamo ƙanana, kuma yana iya matsar da ita gaba ko baya. Turawa suna kiranta webilet, mu kuwa sai mu ce 'yar igiya.

Abin yana aiki a hannun Morlet, amma ba shi da hujjar lissafi da zai kare shi da ita. Sai aka haɗa shi da Alex Grossmann, wato abokin aikin Ingrid na Marseille, suka zauna suka tabbatar da ingancin dabarar, suka wallafa a 1984. Ana nan sai wani gawurtaccen masanin lissafi, Yves Meyer, wanda ya tashi a birnin Tunis, yana jiran layi a wurin injin fotokwafi na makarantar da yake koyarwa kusa da Faris, ya ga wannan ƙasida a hannun wani abokin aikinsa. Da ya duba sai ya gane cewa abin yana da alaƙa da wani lissafi da ya daɗe da sani. Bai yi wata-wata ba ya hau jirgin ƙasa sai Marseille. Ta haka aka sami wani ƙaramin ayari, injiniyan mai, da masanin fizik, da masanin lissafi, da kuma Ingrid. A 1986 ita da Grossmann da Meyer suka fitar da ƙasida tare. A wannan shekara kuma wani matashi Bafaranshe da ke karatu a Amurka, Stéphane Mallat, ya haɗu da Meyer suka nuna cewa aikin 'yar igiya daidai yake da duban hoto hawa-hawa, daga nesa zuwa kusa, kowane hawa yana ninka na bayansa da biyu.

Yadda Dabarar Take Aiki

Bari in kawo misali da kowa zai iya bi da fensir. Mu ɗauki ɗigo huɗu a jere, biyun farko a jikin bango mai duhu, biyun ƙarshe a jikin farar riga. Lambobinsu su ne 60, 62, 180, 186. Sai mu haɗa su biyu-biyu. Tsakiyar 60 da 62 ita ce 61, kuma kowace tana nesa da tsakiyar da 1. Tsakiyar 180 da 186 ita ce 183, tazarar kuwa 3. Yanzu sai mu sake haɗa 61 da 183, tsakiyarsu 122, tazara 61. Ke nan a maimakon lambobin farko, muna iya adana 122, 61, 1, 3, kuma daga waɗannan za mu iya dawo da na asali daidai wa daida, ba ragi ba ƙari.

Ga inda ribar take. Babbar tazarar nan ta 61 ita ce bakin riga, ita ce labarin hoton, dole a riƙe ta. Amma 1 da 3 ƙanana ne ƙwarai, ido ba zai lura da su ba. Idan muka watsar da su, za mu dawo da 61, 61, 183, 183, wanda kusan shi ne hoton farko. A hoto na gaske, inda sararin sama ko bango ko fata suka cinye yawancin fili, mafi yawan tazarar da za a samu ƙanana ne irin waɗannan. A watsar da su, a riƙe manyan, hoto ya ragu ninkin-ba-ninkin. Wato dai aikin mai shiƙa ne, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zauna a faifai.

Wannan hanya mai sauƙi wani masani ɗan ƙasar Hangari, Alfred Haar, ya gano ta tun 1909. Aibinta shi ne tana da kaushi, hoton da ta matse yakan fito kamar matakalar bene. 'Yan igiyoyin da Meyer ya gina kuwa sumul suke, amma jelarsu ba ta ƙarewa, saboda haka kwamfuta ba za ta iya lissafa su cif ba sai an datse. Ga mai sauƙi amma mai kaushi, ga mai santsi amma mai wuyar sarrafawa. Masana da dama sun ɗauka ba za a taɓa haɗa kyawawan halayen biyu a wuri ɗaya ba.

Nan ne Ingrid ta shigo. A 1986 ta je baƙuncin bincike a Cibiyar Courant ta birnin Niyok, kuma sai ta yi abin da masana lissafi na lokacin ba su cika yi ba, wato ta karanta rubuce-rubucen injiniyoyin da ke aikin tace sauti da hoto, ta ɗauki dabarunsu da muhimmanci. A maimakon ta fara da zana kyakkyawar igiya sannan ta nemi yadda kwamfuta za ta lissafa ta, sai ta juyo da aikin ta baya. Ta fara da tambayar cewa, waɗanne 'yan lambobi ƙalilan ne idan kwamfuta ta yi ta maimaita aiki da su, igiya mai kyau za ta fito da kanta? Mafi sauƙin amsar da ta samu lamba huɗu ce kacal, kimanin 0.483, da 0.837, da 0.224, da 0.129 ta ƙasa da sifili, kuma dukkansu daga sikwaya rut na 2 da na 3 suka fito. A maimakon haɗa ɗigo biyu-biyu kamar na Haar, ana auna ɗigo huɗu-huɗu da waɗannan lambobi. Amfaninsu shi ne, ko da haske yana ƙaruwa sannu a hankali, kamar sararin sama da almuru, tazarar da za a samu sifili ce, babu abin adanawa. Ta kuma nuna yadda za a samo na lamba 6, da na 8, da na 10, har iya yadda ake so, kowanne ya fi na bayansa santsi.

Ƙasidar da ta bayyana wannan aiki ta fito a 1988, shafi kusan 90. Daga gabatarwar Furiye zuwa wannan rana shekara 181 ke nan. Tun daga lokacin ake kiran waɗannan 'yan igiyoyi da sunanta a duk duniya.

Zanen Yatsa da Silima

A 1987 ta auri wani masanin lissafi ɗan Ingila, Robert Calderbank, kuma a wannan shekara ta kama aiki a ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey, wurin da aka ƙirƙiro taransista a 1947. A can ta zauna har 1994, tana cuɗanya da injiniyoyi kullum. Tare da wasu Faransawa biyu, Albert Cohen da Jean-Christophe Feauveau, ta gina wani sabon dangi na 'yan igiyoyi da ya fi dacewa da hoto, aka wallafa a 1992.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta fara tara katunan zanen yatsa tun 1924, kuma zuwa farkon shekarun 1990 tana da kati kimanin miliyan 200. Da aka so a mayar da su cikin kwamfuta, sai aka ga kowane kati zai ci kimanin megabait 10, wato jimla terabait 2,000, a zamanin da wurin ajiya a kwamfuta yake da tsadar gaske. An gwada JPEG, sai layukan murabba'insa suka riƙa ɓata siraran layukan yatsa, alhali a kansu ake dogara wajen bambance mai laifi da marar laifi. Kuskure a nan yana iya kai wanda bai ji ba bai gani ba gidan yari. Daga ƙarshe, tare da masanan ɗakin bincike na Los Alamos, hukumar ta fitar da tsarinta a 1993, wanda aka gina a kan wannan dangi na 'yan igiyoyi, yana rage hoton yatsa zuwa kimanin kashi 1 cikin 15 ba tare da layukan sun dagule ba.

A ƙarshen shekarar 2000 aka fito da sabon tsarin matse hoto na duniya mai suna JPEG 2000, shi ma a kan wannan dangi aka gina shi. Gaskiya ɗaya ce, bai ture tsohon JPEG daga wayoyi da intanet ba, domin tsohon ya riga ya kafu, kuma ya fi sauƙi ga ƙananan na'urori. Amma inda ake buƙatar inganci ya sami karɓuwa. A 2005 manyan kamfanonin fim na Amurka suka tsayar da shi a matsayin tsarin nuna fim ta kwamfuta a gidajen silima, kuma ana amfani da shi wajen hotunan asibiti, da hotunan tauraron ɗan'adam, da adana tsofaffin takardu a manyan ɗakunan karatu.

Zamanta a Jami'a

Laccoci goma da ta gabatar a wani taro a 1990 su ta tattara ta mayar littafi a 1992, kuma wannan littafi ya zama abin karatun duk mai son shiga fannin, ko masanin lissafi ne ko injiniya. A 1994 ta koma Jami'ar Princeton, inda ta zama mace ta farko da ta riƙe cikakkiyar kujerar farfesa a lissafi. Don a gane nauyin wannan, jami'ar an kafa ta tun 1746, kuma ba ta fara ɗaukar ɗalibai mata a digirin farko ba sai 1969. Duk wannan aiki ta yi shi ne tana uwar 'ya'ya biyu. A 2011 ta koma Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa.

Daga 2011 zuwa 2014 ta shugabanci ƙungiyar masana lissafi ta duniya, nan ma ita ce mace ta farko. A ƙarshen shugabancinta ne, a taron birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 2014, aka ba wa marigayiya Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, lambar Fields, kuma ita ce mace ta farko da ta sami wannan babbar lamba. Ita kanta Ingrid ta sami karramawa da dama. Sarkin Beljiyam ya ba ta sarauta a 2012, sannan a 2023 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Wolf a fannin lissafi. Abokin tafiyarta Yves Meyer kuwa ya karɓi lambar Abel a 2017 saboda aikinsa a kan 'yan igiyoyi.

Lissafi a Gidan Tarihi

Wani abin sha'awa game da ita shi ne, bayan ta yi suna ba ta zauna a kan abin da ta riga ta sani ba. Ta yi aiki da masanan halittu wajen auna kamanni da bambancin haƙora da ƙasusuwan dabbobi ta hanyar lissafi. Amma aikin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne na tsofaffin zane-zane. A wata babbar majami'a da ke birnin Ghent na ƙasarsu akwai wani shahararren zane a kan katako, wanda 'yan uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi, aka kammala a 1432. Saboda tsufa fentin ya tsattsage ko'ina. A wani sashe na zanen akwai hoton buɗaɗɗen littafi mai ƙananan rubutu, wanda tsagogin suka hana a karanta. Ita da masu bincike na jami'o'in Beljiyam suka koya wa kwamfuta ta bambance tsaga da layin alƙalami, ta share tsagar a cikin hoto, ta cike gurbin da abin da ke kewaye da shi. Da aka gama sai masanan tsohon rubutu suka iya karanta kalmomin da a da suka gagare su. Duk wannan a kan hoto aka yi shi, ba wanda ya taɓa katakon.

Haka kuma akwai wani zanen ƙarni na 14 na wani Ba'italiye mai suna Francescuccio Ghissi, wanda aka yayyanka da zarto aka sayar gunduwa-gunduwa, ɗaya gunduwar ta ɓace. Wata gwanar zane 'yar Holan ta zana madadin wadda ta ɓata da irin kayan aikin wancan zamani, amma sabon fenti yana ƙyalli a gefen tsofaffin. Sai Ingrid da ɗalibanta suka yi amfani da lissafi suka tsufar da hoton sabon, suka kuma nuna yadda tsofaffin suke a ranar da aka gama su. An baje wannan aiki a gidan adana zane-zane na Karolina ta Arewa a 2016. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafanmu na Larabci da ajami da gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, zai gane cewa irin wannan ilmi muna da buƙatarsa a gida.

Kammalawa

'Yan uwa, abubuwa uku na tsinta a wannan tarihi. Na farko, amfanin lissafi ba ya bayyana a ranar da aka koyar da shi. Furiye zafin ƙarfe yake bincike, Haar kuwa bai taɓa ganin kwamfuta ba, amma da babu su da Ingrid ba ta sami abin ɗorawa a kai ba. Malamin da ya tsaya a gaban allo yana fama da mu a kan sayin da kosayin, dashen itace yake yi, ko da ba shi zai sha inuwar ba. Na biyu, nasararta ta zo ne saboda ba ta raina ilmin kowa ba. Fizik ta karanta, ta zauna da masana lissafi, ta koya daga injiniyoyi, har ta shiga gidan tarihi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, yarinya ce daga ƙaramin garin masu haƙar kwal, kuma abin da ta samu shi ne iyayen da suka bar mata ƙofar karatu a buɗe. Ita ma ba ta manta ba, domin a 2016 ta haɗu da wata abokiyar aikinta a Duke suka kafa wani shiri na lokacin hutu don koyar da 'yan matan sakandare lissafi.

Saboda haka ina ba wa ƙungiyarmu shawara. Yadda muke haɗa kuɗi mu gyara rufin aji ko mu sayi kujeru, ya kamata mu ware wani abu musamman domin lissafi, wato kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi ƙwazo a kowane aji, da ɗan ihsani ga malaman da ke koyar da shi, da littattafai a ɗakin karatu. Waɗanda Allah Ya kai jami'a a cikinmu, injiniyoyi da likitoci da malamai, su riƙa leƙa makaranta ko sau ɗaya a shekara, su nuna wa ƙannenmu inda lissafin aji yake ɓullowa a wurin aikinsu. A gidajenmu kuma, idan muka ga 'ya ko ƙanwa tana da kai a wannan fanni, kada mu ce mata abin na maza ne, mu saya mata littafi, mu biya mata kuɗin jarrabawa.

A nan zan dasa aya.